Malami da Almajiri a Ɗakin Bincike: Labarin Insulin

Mu ɗaliban Sashen Hausa mun saba jin cewa sai an kai ga digiri na biyu ake fara bincike, kafin nan kuwa aikinmu kwafar darasi ne da haddace shi domin jarrabawa. Ni dai ban gamsu da wannan ra'ayi ba, kuma zan ari hujjata daga wajen likitoci, domin na ga sun daɗe suna jan ɗalibi zuwa ɗakin bincike tun yana ɗanye.

A shekarar 1869, a birnin Balin na ƙasar Jamus, wani ɗalibin aikin likita mai suna Paul Langerhans, wanda yake ƙarƙashin kulawar shehun malami Rudolf Virchow, ya gano waɗansu ƙananan tsibirai na ƙwayoyin halitta a cikin fankiriyas, watau wata gaɓa da take kwance a bayan tumbi. Bai san amfaninsu ba, amma har yau da sunansa ake kiransu.

Sai bayan shekara hamsin da ɗoriya aka ci moriyar abin da ya gani. Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Kanada, Frederick Banting, ya je wa Farfesa John Macleod na Jami'ar Toronto da tunanin cewa za a iya tatso maganin ciwon sukari daga waɗannan tsibirai. A watan Mayu na 1921 Macleod ya ba shi ɗakin gwaji da karnuka, ya haɗa shi da ɗalibinsa Charles Best, ɗan shekara 22, sa'an nan ya tafi hutu Sikotilan. Banting ya iya wuƙa, amma awon sukari a jini ba fanninsa ba ne. Best kuwa abin da ya karanta ke nan, tun kafin ya zama likita. Saboda haka kowannensu ya zama malamin ɗan'uwansa. Da Macleod ya dawo, sai ya sa su maimaita gwaje-gwajensu da ƙarin tsanaki, abin da bai yi wa Banting daɗi ba. Daga baya James Collip ya shigo ya tace maganin, kuma a watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar insulin, ya farfaɗo.

A nan ne inda gizo yake saƙa. A 1923 aka ba Banting da Macleod lambar yabo ta Nobel, aka manta da Best. Banting ya fusata ƙwarai, ya raba rabonsa na kuɗin gida biyu ya ba Best rabi, Macleod shi ma ya raba nasa da Collip. Jama'a da dama kan ɗora wa Macleod laifi, amma a ganina an matsa masa. Malamin da ya ce da kai "koma ka sake" ya yi maka babban aiki, ko da a ranar ka ji haushinsa. Abin da ya fi burge ni dai shi ne halin Banting, wanda ya tsaya a bainar jama'a ya ce ɗalibin nan abokin aikinsa ne.

To, mu fa? Mukan ɗauki rakoda mu shiga ƙauyuka, mu zauna da makaɗa da tsofaffin mata masu tatsuniya, mu kwana muna juyar da magana daga faifai zuwa takarda. Wannan ma ai bincike ne. Abin da muke roƙo wajen malamanmu, Allah ya ƙara musu daraja, shi ne su zauna da mu a kan abin da muka tattaro, su nuna mana yadda ake tace shi da inda hujja ta yi rauni, kuma idan aikin ya kai ga bugawa, a ga sunan wanda ya sha rana.

Shi kuwa Best, ya kammala karatun likita a 1925, kuma a 1929 ya gaji kujerar Macleod a Toronto.