Masu Sauya wa Bashi Kati

Tun da yaranmu suka fara kwararowa Ingila a 2022 da 2023, wasu da bizar karatu, wasu da ta aikin kula da tsofaffi, hirar ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a ta sauya. Da can labarin gida ake yi: wane ya rasu, wane ya aurar da 'ya, damina ta yi albarka ko ba ta yi ba. Yanzu sai ka ga samari uku sun haɗa kai a kan waya guda, wannan yana cewa ya samu wata ashirin da huɗu, wancan yana cewa nasa talatin ne. Kai ka ce wa'adin biza suke lissafi. Ashe katin bashi ne. Banki ya yi musu tayin su kwaso bashin da ke kan tsohon kati su ɗora a kan sabo, ba ruwa, sifiri cikin ɗari, zuwa wani wa'adi. Da fara'a suke faɗa, har da tafawa, sai ka rantse yafe musu aka yi. Ko sisi ba a yafe musu ba.

Sa'o'ina sun san yadda muka tarar da ƙasar nan a tsakiyar shekarun 1970. Katin Barclaycard ya fito tun 1966, Access ya biyo baya a 1972, amma ɗalibi baƙo bai isa ya riƙe ko ɗaya ba sai manajan reshe ya zaunar da shi ya ƙare masa kallo. Mu ma ba mu damu ba. Naira tana da daraja, gwamnatin jiha tana biyan sikolashif, kuma abin da yaran yau ba za su yarda ba shi ne, daga gida ake aiko mana da kuɗi. Bayan 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tattalin arziki na SAP naira ta fara zamewa, sai reshe ya juye da mujiya. Wanda ke nan ya zama rumbun dangi. A daidai wannan lokacin ne kuma bankuna suka daina jiran ka je ka roƙe su, suka fara cusa takardun tayin kati ta ramin wasiƙa na ƙofar gida.

Akwai wani amininmu, Allah ya jiƙansa, ba zan kama suna ba. A cikinmu babu wanda ya kai shi lissafi. Da kamfanin Egg ya fito da wannan tayi na sifiri cikin ɗari a shekarar 2000, sauran bankuna suka shiga rububi, shi ne ya fara gane yadda abin yake. A wancan zamanin ko la'ada ba a karɓa, kuma wa'adin gajere ne, wajen wata shida. Yana da ɗan littafi a aljihun kwat, a ciki ya rubuta ranar da wa'adin kowane kati zai cika. Saura mako biyu sai ya buɗe wani, ya kwashe bashin ya mayar can. Yakan yi mana dariya ya ce ya fi Bature wayo, da kuɗinsu yake juyawa ba ya ba su komai. Kuma gaskiyarsa, shekaru ya yi bai biya ruwa ba.

Abin da bai shiga littafin ba shi ne tsohon katin. Duk ran da ya kwashe bashi, sai ga kati fayau a hannunsa, da ikon cin dubban fam a kai. Katin da aka kwashe kuwa tamkar fili ne a tsakiyar Kano ba katanga, kafin ka waiwaya wani ya kafa rumfa a ciki. Waya za ta zo daga gida: ginin da aka fara ya tsaya a linta, ƙanwa za ta yi aure ba kayan ɗaki, kawu yana son sauke farali. Mutumin kirki ne, ba ya iya cewa babu. Kati ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama tuli, littafin yana ta cika da ranaku. Sai ga watan Satumba na 2007, muka ga Turawa sun yi layi a ƙofar bankin Northern Rock suna neman kuɗinsu, a 2008 kuma komai ya rikice. Bankuna suka ɗaure bakin jaka. Ya nemi sabon kati aka hana shi, ya sake nema aka sake hana shi, wa'adodin suka yi ta cika ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya hau kan dukkan bashin. Mutum mai shekara sittin da ɗoriya ya koma gadin dare. Da mun tambaye shi sai ya ce zaman gida ne ya ishe shi.

Ranar jana'izarsa liman ya yi sanarwar da aka saba, duk mai bin mamaci bashi ya yi magana. Shiru. Banki ai ba ya zuwa jana'iza. Sai bayan sadakar bakwai mai ɗakinsa ta tarar da wasiƙun a but ɗin mota, cikin leda, wasu ko buɗe su bai yi ba. A dokar ƙasar nan daga abin da mamaci ya bari ake biya, ba a kama matarsa ko 'ya'yansa in ba tare suka sa hannu ba. Amma mu mun san ba a rabon gado sai an sauke bashi, mun kuma san nauyinsa a kan wanda ke kwance. Karo-karo muka yi, da kunya, da ɓacin rai.

To, da za a bi ta tawa, ɗan Musulmi ba zai riƙe katin nan ba sam. Amma wanda ya riga ya faɗa ruwa ba wa'azi yake bukata ba, kuma ba zan ce masa ya ƙi tayin ba. Ya karɓa ma. Ga lissafin. A ce ana bin ka fam 3,000 a katin da ruwansa ya kai kashi 24 cikin ɗari a shekara. Kusan fam 55 ke nan duk wata yake tafiya a ruwa kawai, uwar kuɗin tana nan daram. In ka mayar da shi kan katin da ya ba ka wata 24 ba ruwa, da la'adar kashi 3 cikin ɗari, fam 90 za su ɗora maka, bashin ya zama 3,090. Raba shi gida 24, ya kama fam 129 a wata. Wannan ita ce lambar da za ka riƙe, ka sa banki ya riƙa cire ta da kansa daga asusunka washegarin albashi. Lambar da su za su rubuto maka daban ce. Mafi ƙarancin biya, wanda tun 2011 ƙa'ida ta ce kada ya gaza kashi 1 cikin ɗari na bashin haɗe da ruwa da caji, zai kama fam talatin da 'yan kai. Mai daɗin biya. Bi shi wata 24 ka ga: ranar da wa'adi ya cika ana bin ka sama da fam 2,400, ruwan da ka gudu kuma yana tsaye a bakin ƙofa, wani lokaci ma ya fi na da. Kada ka ɗauka banki ya manta da kai ne ya ba ka shekara biyu kyauta. Ya san mutane nawa ne cikin goma za su kai wannan ranar ba su gama ba, da su yake cin riba.

Yaran nan kuma kullum wa'adi mafi tsawo suke hange, kamar gasa. A 2017 an kai har sama da wata 40, na ga masu rawar jiki a kai. Mai iya biyan fam 250 a wata me zai yi da wata talatin? Ya nemi na wata goma sha biyu ko sha biyar wanda ba la'ada, ya gama a shekara guda bai ba kowa ko fam ɗaya ba. Dogon wa'adi na wanda numfashinsa gajere ne, shi kuma ya biya la'adar ba tare da ƙorafi ba, don ta fi ruwan wata biyu sauƙi. Sannan abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a talla ba lalle shi za a ba ka ba. In ka ga an ce "har zuwa" wata kaza, to mai tarihin bashi mai kyau ake nufi. Kai da ka shigo shekaranjiya ana iya yanke maka rabi, a kuma ba ka iyakar da ba za ta ɗauke bashin duka ba. Ka fara dubawa da manhajar gwaji wadda ba ta barin tabo a kundinka na Experian ko Equifax ko TransUnion, irin wadda ke shafin Martin Lewis mai ba da shawara kan kuɗi, kafin ka cika takardar nema. Nema barkatai, a hana ka nan a hana ka can, shi ma tabo ne. Kuma ba a kwashe bashi tsakanin 'yan gida ɗaya: daga NatWest zuwa Royal Bank of Scotland ba ya yiwuwa, haka daga HSBC zuwa First Direct. Yawanci kwana sittin ko casa'in na farko aka ba ka ka yi kwasar, in ka yi nawa tayin ya wuce ka.

Wata 'yar amininmu, ma'aikaciyar jinya, ta zo mini da takarda tana huci. "Baba, sun ce ba ruwa, ga shi sun sa mini ruwa." Na sa tabarau na duba. Biya ɗaya ta makara da kwana uku, tana aikin dare ta sha'afa. Tarar fam 12 ba ita ce ta dame ni ba. A cikin ƙananan rubutun da ba mai karantawa an ce in ka saɓa biya ɗaya suna da ikon janye sifirin gaba ɗaya, kuma sun janye. Na ce, "'Yata, ɗauki waya yanzu a gabana ki ba su haƙuri, ki ce a mayar miki." Aka yi sa'a suka mayar. Da na ƙara dubawa sai na ga ta yi cefane da sabon katin, har ta tura kuɗi gida da shi. Sifirin na bashin da aka kwaso ne kaɗai, in ba an rubuta har da sayayya ba. Tura kuɗi kuwa sau da yawa a matsayin cirar tsaba suke lissafa shi, ruwa daga ranar, ga caji a kai. Sabon kati aljihun tebur ne wurinsa, ba jaka ba.

Tsohon kuma a sa masa almakashi, a kira su a ce a rufe. Na san masana za su ce rufe tsohon asusu yana iya rage wa mutum maki, musamman mai shirin neman bashin gida. Na ji. Wanda ya san zuciyarsa dutse ce ya bar shi a buɗe. Ni dai na wanke gawar wanda ya fi ku iya lissafi, kuma ba maki ne ya kai shi gadin dare ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da ake cin bashin a kansa. Wanda ya ci don kuɗin biza da harajin lafiya, da aka mayar fam 1,035 a shekara ga yawancin manya a 2024, ina tausaya masa, dole ce ta sa. Amma waya sabuwa duk shekara? Mota ta bashi, kujeru na bashi, takalmi ma a raba kuɗinsa gida uku a manhajar Klarna? Biki kwana biyar a Abuja, da mai hoto na musamman don a zuba a Instagram, ango ya dawo nan yana wanke tsofaffi sa'a goma sha biyu yana biyan kuɗin fulawar da ta bushe tun bara? Mu ma mun yi wautarmu a zamaninmu, amma ba mu ɗauke ta hoto mun aika gida ba. Hoton nan shi ke jawo waya. Mutanen gida sun ga fam ya haura naira dubu biyu a 2024, duk abin da ka ce kana samu sai su buga shi sau dubu biyu, ba wanda ya buga musu kuɗin haya da na wuta da harajin kansul. Ku riƙa faɗa musu gaskiya. Ko da yake, in aka ce mahaifiya tana kwance a asibiti, ni kaina ba zan ce wa ɗa ya tsaya lissafi ba. Ya tura, ko da katin ne, Allah ya rufa asiri. Uwa daban, kawu mai son ƙara aure daban.

Maganar riba kuwa ba a nan ƙasar aka fara jin ta ba, kowa ya san hukuncinta, ya kuma san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mu kuwa bashinmu ko matanmu ba su sani ba. Mai tambaya a kan halaccin la'adar nan ya je wurin malaminsa da takardar a hannu, ya bayyana masa komai. A nawa ganin, wanda ruwa ke ci duk wata, ya samu hanyar tsayar da shi da niyyar fita gaba ɗaya, ya kama hanyar tuba. Wanda kuma ya mayar da abin sana'a, daga wannan kati zuwa wancan, yana nan inda amininmu ya tsaya, jiran shekara irin 2008 kawai yake.

Matanmu sun fi mu dabara tun asali. Adashin da suka riƙe a Manchesta da Landan shekara da shekaru ya aurar da 'ya'ya, ya kai mutane Makka, ba a ba banki ko kwabo ba. An taɓa samun wadda ta kwashi nata ta ɓace, ba na musu, har yau ana maganarta. Amma uwar adashi ta san gidanku, ta san mijinki, in kin makara za ta zo ta zauna a falonki har ki kawo. Kunyar nan tana da amfani. Kati ba ya sa ka jin kunyar kowa, shi ya sa ya fi haɗari.

In har wasiƙa ta zo maka tana cewa a wata 18 da suka wuce abin da ka biya na ruwa da caji ya fi abin da ka rage daga uwar bashin, kada ka jefa ta a but. Tun 2018 hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi ta wajabta wa bankuna aiko ta, kuma in aka kai wata 36 a haka dole su tsara maka hanyar biya, suna iya dakatar da katin. Wanda ya kai nan, ko wanda ya nemi katin kwashe bashi aka hana shi, sabon kati ba maganinsa ba ne. Ya kira StepChange ko National Debtline, ko ya shiga ofishin Citizens Advice na unguwarsu. Kyauta ne, kada ya biya kowa kuɗin shawara. A Ingila da Wales tun 2021 akwai tsarin da ake tsayar wa mutum da ruwa da matsin masu bin bashi na kwana 60 ya samu ya numfasa, ta hannun waɗannan masu ba da shawara ake shiga.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyinmu na nan, kuɗin da ake tarawa duk shekara don hayar zauren bikin Sallah, a ware wani abu a buɗe asusun rance marar ruwa, a damƙa shi ga dattawa biyu masu riƙe sirri. Limamai su taɓo maganar bashi a huɗuba tun mutane suna da rai. Kai kuma ɗana da ke karanta wannan, yau da dare ka zauna da iyalinka ka faɗa mata nawa ake bin ka, da ranar da wa'adin zai cika.