Waƙoƙin Ɗiyar Ɗan Kaso

Maraya ya san inda kabarin ubansa yake. Mutane sukan zo gaisuwa, su yi kuka tare da shi. Amma akwai wani maraici da ba a yi masa zaman makoki: uba yana da rai, sai dai ƙofar ƙarfe ta raba shi da ƴaƴansa. Cikin irin wannan maraici Zindzi Mandela ta yi girma.

An haife ta a Afirka ta Kudu cikin watan Disamba 1960. Ba ta cika shekara 2 ba sa'ad da ƴan sanda suka kama ubanta, Nelson Mandela, a watan Agusta 1962. A 1964 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, aka kai shi tsibirin Robben. Da fari wasiƙa ɗaya aka yarda masa cikin wata 6, ita ma kada ta wuce kalma 500. Dokar gidan kaso kuwa ta hana yaron da ya wuce shekara 2 zuwa ziyara sai ya cika 16. Saboda haka yarinyar ta koyi tafiya, ta koyi karatu, ba ta san muryar ubanta ba. A hoto ta san shi, da bakin mutane.

Sai a 1975 ta sami ganinsa. Ko a ranar ma, gilashi ne tsakaninsu, mai gadi yana saurare. Me ɗiya za ta faɗa wa baƙon da aka ce shi ne ubanta? Maganar shekara 12 ba ta shiga cikin ɗan lokacin ziyara.

Abin da bakinta bai iya faɗa ba, alƙalami ya ɗauka. Tun tana ƴar makaranta ta fara rubuta waƙoƙi da Turanci. A 1977 gwamnati ta kore uwarta, Winnie, daga Soweto zuwa wani ƙaramin gari mai suna Brandfort, Zindzi kuwa ta bi ta. A 1978 aka buga waƙoƙin cikin littafi mai suna Black As I Am, tare da hotunan Peter Magubane. A cikinsu akwai kewar uba, akwai kuma wahalar baƙar fata ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. Waƙa ba ta buɗe ƙofar kurkuku ba, amma ta hana baƙin ciki ruɓewa cikin zuciyar yarinya, gama ciwon da aka ɓoye shi ke cin mai shi.

Muryar nan da ta horu a takarda, ranarta ta zo. A 1985 Shugaba Botha ya ce zai saki Mandela bisa sharaɗi. Ran 10 ga Fabrairu, a filin Jabulani na Soweto, wurin taron girmama Bishop Desmond Tutu, Zindzi ta tsaya gaban dubban mutane ta karanta amsar ubanta: ya ƙi sharaɗin. Mai karatu ya duba nauyin wannan abu. Ɗiyar da ta fi kowa marmarin dawowarsa, ita ce ta sanar da cewa ba zai dawo ba tukuna. Sai a Fabrairu 1990 aka sake shi, tana da shekara 29, da ƴaƴanta. Ta rasu a 2020.

Duk da haka Zindzi tana da abin da yara da yawa ba su da shi: duniya ta ce ubanta gwarzo ne. A garuruwa da ƙauyuka akwai yaran da aka ɗaure ubansu saboda sata, ko bashi, ko ƙage. Su ba littafi, ba taro, sai kunya da gorin abokan wasa. Alƙali uba ya ɗaure, bai ɗaure ɗa ba. Wanda yake da irin yaron nan a maƙwabta, kada ya jira sai ya iya rubuta waƙa. Ya kira shi ya ci tuwo da nasa ƴaƴan, ya tambaye shi lafiyar ubansa da suna, ya kuma zauna ya ji amsar.