Signagi, Garin da Tsoro Ya Gina



Hotunansa ne suka fara jan hankalinmu: gidaje masu jan rufi a kan tudu, kwarin Alazani shimfiɗe a ƙasa, can nesa kuma ga duwatsun Kokesos. Masu tallar yawon buɗe ido suna kiransa garin soyayya. Muka ce to, ga inda za mu zaunar da jarumanmu a labari na gaba. Da muka bi asalinsa sai jikinmu ya yi sanyi.

Signagi yana yankin Kaheti, gabashin ƙasar Jojiya (ƙasar da ke maƙwabtaka da Rasha da Turkiyya muke nufi, ba jihar Amurka ba). Sunan kansa daga wata kalmar harsunan Turkawa ya fito, ma'anarta mafaka. A ƙarni na 18 mahara daga duwatsun Dagestan sun addabi ƙauyukan yankin. Su sauko, su kore dabbobi, su kama mutane, wasu a fanshe su da kuɗi, wasu a sayar. Ba sai an yi mana dogon bayani a kan irin wannan fargaba ba.

A 1762 Sarki Erekle na Biyu ya sa aka kafa garin tare da ganuwarsa. Nan muka fi daɗewa muna tunani. Ganuwar ta kai kusan kilomita 4, da hasumiyoyi 23, ta kewaye fili mai faɗin da ya fi ƙarfin mazauna garin nesa ba kusa ba. Da gangan aka yi hakan. An bar wurin ne domin mutanen ƙauyukan kewaye, in an yi shelar mahara sun taso, su garzayo da iyalansu. Hasumiyoyin ma sunayen ƙauyukan aka sa musu. Ku kwatanta uwa da goyo a baya tana haki a kan hawa, idonta na neman hasumiyar da ke ɗauke da sunan ƙauyensu. A ganinmu wannan matar ta fi masoyan da muka fara shiryawa cancantar labari.

Daga baya 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu suka cika garin, Rasha ta haɗiye masarautar a 1801, harin ya lafa, ganuwar ta zama abin kallo.

Wajen 2007 gwamnati ta gyara tituna da fuskokin gidaje saboda baƙi, aka kuma buɗe ofishin ɗaura aure da a lokacin yake aiki dare da rana. Daga nan laƙabin soyayya ya bi shi. Ba mu ga laifin kowa ba, gari dole ya ci abinci. Sai dai ƙidayar 2014 ta samu mutum 1,485 kacal a cikinsa.

Mun ajiye labarin masoyan tukuna. Babin farko yanzu da dare yake buɗewa, a bakin ƙofar ganuwa, mai gadi yana tambayar masu bugawa daga wane ƙauye suke.