Ƙwayoyi Uku Da Alhaji Ya Raina

A unguwar Sabo ta birnin Ibadan akwai wani dattijo fatakin goro, mai kimanin shekara 58 da haihuwa, wanda abokan cinikinsa suka san shi da ƙarfin jiki da kazar-kazar. Shekara 30 ya yi yana saro goro yana aikawa Arewa, bai taɓa kwana a asibiti ba. Ran nan da safe yana cikin shan koko sai ludayi ya suɓuce daga hannunsa na dama, ya buɗe baki zai kira uwargidansa, harshe ya ƙi motsi. Da aka kai shi asibiti aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, likitoci suka ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya, watau abin da ake kira shanyewar ɓarin jiki. Awon jininsa a ranar ya kai 190 bisa 110.

Da yake da sauran shan ruwa a gaba, bayan wata huɗu ana gashi da motsa gaɓoɓi sai ga Alhaji ya miƙe, magana ta dawo, har ya koma rumfa. Tun ranar sallama likita ya ɗora shi a kan ƙwayoyi uku: ta hawan jini, da ta rage maiƙon jini, da asfirin ƙarama mai hana jini gudaji, ya kuma ja kunnensa cewa shan su ba shi da ranar dainawa. Alhaji ya bi umurni wata shida cur. Daga nan sai ya fara tsallake kwana ɗaya, ya koma tsallake mako, har ran da uwargida ta ce masa, "Alhaji, maganin nan fa ya ƙare tun shekaranjiya." Ya amsa mata da cewa, "Hajiya, mai lafiya ba ya shan magani. Kuɗin da ake zubawa a kantin magani kowane wata, ai ya yi cefane."

To, a nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Hawan jini cuta ce da galibi ba ta sa ciwon kai ko jiri, balle ta kwantar da mutum, alhali kuwa dare da rana tana cin bangon jijiyoyi, kamar yadda ruwa mai ƙarfi ke gajiyar da tsohon bututu. Ƙwayar da ake sha danne shi take yi, ba ta kashe shi, saboda haka da zarar an daina sai ya koma inda ya fito. Shi kuwa maiƙon jini, wanda likitoci ke kira kolestarol, yawancinsa hanta ce ke sarrafa shi, shi ya sa ake samunsa da yawa ko a jikin siririn mutum. Mugun nau'insa, mai suna LDL, shi ne ke daskarewa a bangon jijiya yana matse hanya. Ran da wannan daskararren maiƙo ya tsage sai jini ya yi guda a kansa, hanyar ƙwaƙwalwa ta toshe. Magungunan da ake kira satatin suna rage yawan wanda hanta ke yi, sa'an nan suna sa wanda ya riga ya daskare ya rage saurin tsagewa.

Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka yi a asibitoci 15 na Nijeriya da Gana bisa jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, aka kuma buga sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin musabbaban wannan cuta. Binciken ya kuma ambaci maiƙon jini, da ciwon sukari, da yawan cin nama, da barbaɗa gishiri a kan abinci, da ƙarancin cin ganye. A Amurka, inda ake ajiye lissafi sosai, kusan ɗaya cikin kowane huɗu na masu shanyewar ɓarin jiki ba karon farko ba ne a gare su.

Wata uku bayan Alhaji ya ajiye magani, yana alwalar la'asar sai buta ta faɗi, hannun nan ya mutu, baki ya karkace. Kafin minti goma komai ya dawo daidai, har ya ce gajiya ce. Babban ɗansa ya durƙusa ya ce, "Baba, don girman Allah a tafi asibiti yanzu." Awo ya nuna 175 bisa 105. Likita ya ce, "Baba, wannan ɗan aike ne, mai gayya yana tafe, kuma kwanakin farko bayan irin wannan su ne suka fi haɗari." Ya faɗa masa inda ake so ya tsaya: awon jini ƙasa da 130 bisa 80, LDL kuwa ƙasa da 70 ga mai irin matsalarsa. Alhaji ya yi shiru, domin shi mutum ne da bai cika jin wa'azi ba, amma ya san darajar lissafi.

Daga ranar ya sayi na'urar awon jini ta gida. A bayan littafin da yake rubuta huhunan goro da sunayen masu bashi ya ja layi, yana rubuta awon safe da na dare bayan ya zauna ya huta minti biyar, kowane zuwa asibiti kuma da littafin yake tafiya. Hajiya ta ƙi yi masa tukunya dabam, ta ce gida duka za a gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, watau ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, kuma cikin lissafin har da wanda ke ɓoye a dunƙulen miya da burodi da kilishi. Sai ta rage dunƙule da kanwa, ta ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa. Man shanu da kitsen tsire suka zama na jefi-jefi, zogale da alayyafo da wake da kifi suka samu shiga. Goron da yake ci tun safe har dare shi ma aka rage shi, domin sinadarin da ke cikinsa yana ɗan ɗaga jini. Kullum bayan asuba yakan yi tafiyar minti 30.

Har ila yau likita ya gargaɗe shi game da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye barkatai, domin suna ɗaga jini. Ya ce kada ya ba kowa asfirinsa, gama wanda nasa ciwon fashewar jijiya ce, ba toshewa ba, tana iya yi masa illa. Da azumi ya gabato, sai da ya koma aka tsara masa lokutan shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur.

Hannun Alhaji na dama bai koma kamar da ba, yanzu ɗansa ne ke ɗaure huhu, shi kuwa yana zaune da alƙalami. Kuɗin magani har gobe yana yi masa nauyi, amma ya sa shi a layi ɗaya da kuɗin haya, watau abin da ake cirewa kafin a taɓa riba. In wani abokin ciniki ya zo yana bugun ƙirji cewa shi bai san hanyar asibiti ba, Alhaji ba ya musu da shi. Sai ya jawo na'ura daga ƙarƙashin benci ya ce, "Malam, zauna ka huta tukuna, sa'an nan ka miƙo hannu."