Shekarar mai gudun dutse

A shekarun da na yi ina gudun dutse a Jos, daga wajen 2007 zuwa 2011, daga ƙarshe muke fara tsara shekara. Kocinmu wani tsohon soja ne da kowa ke kira Baba. Da Janairu ta kama sai ya samo kalandar da ake rabawa kyauta a shagunan magani, ya buɗe shafin Nuwamba, ya zagaye ƙarshen watan da jan biro, sannan ya riƙa lissafi da baya-baya har ya iso ranar da muke ciki.

Abin da ya zagaye ɗin gasar Obudu ce a Jihar Kuros Riba, wadda aka fara a 2005 zamanin gwamna Donald Duke. Nisanta kimanin kilomita 11, kusan duk hawa ne, kuma kafin ka kai ƙarshe ka ɗaga sama da wajen mita 800. Wanda ya zo na ɗaya dala 50,000 ake ba shi, shi ya sa 'yan Habasha da Kenya da Uganda suka yi mata dafifi. Abebe Dinkesa na Habasha ya cinye ta fiye da sau ɗaya. A cikinmu babu mai mafarkin dalar nan. Burinmu ya tsaya kan rage 'yan mintoci daga lokacin bara, da kai wa ƙarshe ba tare da mun koma tafiya a lanƙwasoshin sama ba, inda ƙafa ke daina jin magana.

Ranar gasa kaɗai masu shirya gasa ke yankewa. Sauran shekarar yanayi ne ke tsara mana ita, kuma Baba bai taɓa jayayya da shi ba.

Hunturu na tara ƙarfi ne. Sanyin Jos a Disamba da Janairu ba abin wasa ba ne, muna idar da sallar asuba za mu fita da safar hannu, leɓe a tsage, mu bi hanyar dam ɗin Lamingo mu nufi duwatsun Shere a hankali, gudun da za ka iya hira a cikinsa. Garin kansa yana bisa tudun kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta haura 1,800, don haka ko sassarfa ka yi huhunka na aiki. Samari ba sa son wannan gudun, gani suke ɓata lokaci ne. Baba kan ce, "Yaro, hatsi kake zubawa a rumbu, a Nuwamba za ka ɗiba." Idan ƙura ta yi yawa sai a rage, domin tarin hunturu na iya cinye wa mutum wata guda.

Damina ita ce makarantar gaske, kuma ita na fi tunawa. Daga Afrilu ruwa ke sauka, a Yuli da Agusta kuwa sai ya wuni yana zuba, wani lokaci har da ƙanƙara. Hanyar da ka sani a Fabrairu ta ɓace, ciyawa ta rufe ramuka, falalen dutse ya yi santsi, turbar da ta ratsa fili ta zama gonar acca ko ta dankali, an kewaye ta da shingen ƙerana mai ƙaya. Dole ka zagaya, ka kuma gai da mai gona. Ta wajen Bukuru da Rayfield ga tsofaffin ramukan haƙar kuza cike da ruwa, bakinsu na zaftarewa, ba a kusantarsu. A nan muka koyi gangara. Kowa tsoron hawa yake yi, alhali saukowa ce ke cin cinya da gwiwa, ita ce kuma ke kai mutum wurin mai ɗori. Gajeren taku, ido a ɗan gaba, ba a kan yatsun ƙafa ba. Obudu ba ta da gangara sosai, amma Baba na da wata gasa a zuciyarsa, ta Dutsen Kamaru a Buea, wadda ake yi tun 1973, a hau ƙololuwar da ta haura mita 4,000 a sauko a rana ɗaya. Duk shekara sai ya rubuta ta a Fabrairu da fensir, ya ba mu labarin Sarah Etonge da ta cinye ta sau 7, duk shekara kuma kuɗin mota ya goge ta.

Sai azumi, wanda ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana matsowa da kimanin kwana 11. A 2008 ya faɗo a Satumba, daidai lokacin da ya kamata a tsananta horo, a 2010 kuwa ya koma Agusta. Abokan gudunmu Kiristoci 'yan Pankshin da Mangu suna ci gaba da nasu, mu kuma mu koma ɗan gudun dab da shan ruwa, ko bayan asham a filin makaranta. Ba ma ƙara komai a watan, riƙe abin da muke da shi kawai muke yi. Abin da ya fi karya mu ma rashin barci ne tsakanin asham da sahur, yunwa ba ta kai shi ba.

Akwai abin da ba ya cikin kalandar kowa. Bayan rikicin Nuwamba 2008, da na Janairu 2010 lokacin da aka sa dokar hana fita dare da rana, unguwanni suka rabu, hanyoyin gudu ma suka rabu. Turbar da muka saba bi kafin gari ya waye ta zama sai an yi shawara. Muka daina fita a duhu, muka daina fita ɗaiɗai, kuma wanda ya fi sanin mutanen yankin da za a ratsa shi ke shiga gaba. Wasu suka bar gudun ke nan.

Kuɗi ma na da nasa shafin. Takalmin gwanjo daga kasuwar Katako ba ya kai damina biyu a kan dutse, don haka tun kaka ake adashen na gaba, a ware na motar Obudu daban. Tafiyar wuni ce cur, ta Lafiya da Makurɗi.

Daga baya gasar Obudu ta tsaya. Yaran Filato sun karkata ga gudun titi, na Okpekpe a Jihar Edo da aka fara a 2013, da dogon gudun Legas da ake yi a Fabrairu tun 2016, wanda ya mai da hunturu lokacin tsananta horo. Wasunsu kan nuna mini jadawalin da suka sauke a waya, an tsara komai mako-mako, tsaf. Ba na raina shi, ya fi namu sanin aikin jiki. Sai dai nakan karɓi wayar in duba inda azumi zai faɗo a bana, da makonnin da za su tafi gida cirar dankali, mu zauna mu sake lissafin tare.