Dashen Mahaifa, Da Sa'o'in Da A Ke Ƙirgawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ɗan sam mini fili a cikin jaridarka mai farin jini, in faɗa wa 'yan'uwana masu karatu wani al'amari da ya hana ni barci 'yan kwanakin nan. Na san magana ce mai nauyi a bakin namiji, malamai da dattawa su gafarce ni, amma rashin sani ya fi dare duhu.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara shida ke nan da ta yi cikin fari. Naƙuda ta kama ta ran Talata da dare a ƙauyen mijinta, aka yi ta jiƙe-jiƙe, ana cewa a bari a ga safiya. Ba a kai ta asibiti ba sai ran Alhamis da la'asar. Kafin nan mahaifa ta tsage, ɗan ya mutu a ciki. Likita ya ce in ba a cire mahaifar ba jini ba zai tsaya ba, ni kuwa na sa hannu a takardar. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma ba a cika shekara biyu ba mijin ya sake ta, yau tana ɗakin tsohuwarmu.

Ran nan da na je gida hutu, bayan an ci tuwon dare, sai ta zo ta durƙusa gefen tabarmata, ta ce, "Yaya, na ji a rediyo wai ana cire mahaifar wata mace a sa wa wata, har ta haihu. Kai da ka yi boko, gaskiya ne?" Na ce ta yi haƙuri in bincika tukuna. Ga abin da na samo.

Abin gaskiya ne. Likitocin Jidda, a ƙasar Saudiyya, su suka gwada a shekarar 2000, ga wata mace mai shekara 26 wadda ta rasa mahaifarta saboda zubar jini wajen haihuwa, kamar dai ƙanwata. Bayan kwana 99 jini ya daskare a jijiyoyin, tilas aka cire. Sai a watan Satumba na 2014 aka haifi yaro na farko ta wannan hanya, a birnin Gotanbag na ƙasar Suwidin, a hannun Farfesa Mats Brännström da mutanensa. Wadda ta ba da mahaifar kuwa shekarunta 61. A watan Disamba na 2017 aka haifi yarinya a Sawo Faulo ta ƙasar Birazil, daga mahaifar wata mace da ta riga ta rasu. A Ingila ma an haifi yarinya a Fabrairun 2025, uwarta ta sami mahaifa daga 'yar'uwarta.

To, jama'a, wuyar aikin ba wajen ɗinki kaɗai ta ke ba. Akwai tsakanin cirewa da dasawa. Da an ɗaure jijiya an yanke, gaɓa ta rabu da jini, watau ta rabu da iska da abinci. Ƙwayoyin halittar da ke cikin naman ba su daina aiki nan take, sai su cinye ɗan guzurin da ke gare su, dauɗa ta taru, ruwa da gishiri su shige su, su kumbura, su fara mutuwa. In an daɗe, ko jinin da ya komo bayan dashe shi ma ya kan yi ɓarna, kamar wanda ya daɗe da yunwa aka ɗura masa tuwo da yawa gaba ɗaya.

Dabarar da likitoci su ke yi ita ce sanyi. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Duk sa'ad da aka rage digiri 10, aikin nama ya kan ragu kamar da rabi, saboda haka in an kai shi digiri 4, abin da ya ke ci bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma ba. Sai a sa bututu a jijiya, a ɗura wani ruwan magani mai sanyi har ya kore jini sarai, don kada ya daskare ya toshe hanya. Ruwan nan an haɗa shi don ya hana kumburi. Wanda ya fi suna shi ne na Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, wanda Folkert Belzer da James Southard suka haɗa cikin shekarun 1980, akwai kuma wani na Jamus. Sa'an nan a sa gaɓar cikin jaka mai tsabta, jaka cikin jaka, a rufe a akwatin ƙanƙara. Amma fa ba a bari ita kanta ta zama ƙanƙara. Kowa ya taɓa ganin tumatirin da ya ƙanƙare sa'an nan ya narke, ya san yadda ya ke komawa lugub, gama ƙanƙara ta kan yi tsini kamar allura ta huda naman.

Ko da an yi wannan duka, kowace gaɓa da iyakarta. Zuciya sa'a 4 zuwa 6, hanta wajen sa'a 12, ƙoda ta kan kai yini da kwana. Game da mahaifa, mutanen Suwidin sun gwada a ɓeraye, suka ba da labari a 2003 cewa wadda ta yi sa'a 24 cikin sanyi ta ɗauki ciki bayan dashe. Ta Birazil ɗin nan kuwa sa'a 7 da minti 50 ta yi babu jini. Ni akawu ne, abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda su ke rubuta minti ɗin da aka ɗaure jijiya da minti ɗin da aka sake ta, kamar yadda mu ke shigar da kuɗi a littafi, ba a yafe ko kwabo.

In mai ba da mahaifa tana da rai, a kan yi aikin a ɗakuna biyu kusa da juna, lokacin ya yi gajere. Amma ita ta kan sha wuya, gama a Suwidin aikin cirewa ya kan wuce sa'a 10, ga haɗarin raunana bututun fitsari. In kuwa daga mamaciya ne, ba wanda za a raunana, sai dai ana iya samunta a wani gari mai nisa, kuma masu jiran zuciya da hanta su ne a gaba, don ransu ya rataya a kai. Saboda haka masana su ke ta neman hanyar tsawaita lokacin, har da injin da ke zagaya ruwa cikin gaɓa, irin wanda an riga ana aiki da shi wajen ƙoda da hanta.

Na san malamai za su ce, to, ɗan na wa ne? Ma'ajiyar ƙwai ba a dasa ta. Ƙwan na ita wadda aka dasa wa ne, a haɗa shi da na mijinta a asibiti, a ajiye, in mahaifa ta zauna a sa mata. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta hana dashen gaɓoɓin da ke ɗauke da irin mutum, ta yarda da na cikin jiki waɗanda ba su ɗauke da shi, in akwai larura. Ƙarin bayani na bar wa masu shi.

Da na koma gida na gaya wa ƙanwata duk wannan, ban ɓoye mata kome ba. Na ce aikin a ƙasashe masu nisa a ke yinsa, da kuɗi mai yawa. Sai da miji, sai da shan magani kullum don kada jiki ya ƙi baƙuwar gaɓa, haihuwa kuma sai an yi aiki an ciro, bayan ɗa ɗaya ko biyu a cire mahaifar. Ta yi shiru har na zaci ta ƙare. Can sai ta ce, "Yaya, ashe su suna ƙirga minti saboda wadda ke cikin akwati, ni kuwa tawa tana jikina aka bar ta kwana biyu." Na rasa abin da zan ce mata. Na lissafa a zuciyata, daga daren Talata zuwa la'asar ɗin Alhamis ya fi sa'a 40.

Saboda haka na ke kira gare ku, ya ku akawuna da malaman makaranta da malaman zaure, ku da mutane ke jin maganarku. Akwatin ƙanƙara da ruwan Wiskonsin sun fi ƙarfin ƙauyukanmu, amma ƙirga sa'o'i bai fi ƙarfin kowa ba. Ku gaya wa magidanta, kada rana ta fito sau biyu mace tana kan gwiwa. Tun ciki na wata bakwai a ajiye kuɗin mota, a san direban da za a tasa ko da tsakar dare. Mai gida in zai yi tafiya ya bar izini, kada a zauna jiransa. Wanda kuma aka cire wa matarsa mahaifa don ta haifa masa ɗa, ya ji tsoron Allah, kada ya haɗa mata da saki. Allah ya sauki matanmu lafiya, amin.

Haza wasalam. Ni ne naka,

Wani Akawu, Zariya.