Daga Legas Zuwa Akara: Gajeriyar Hanya, Doguwar Tafiya

Tsakanin Legas da Akara, wato Ikko da Ankara a bakin iyayenmu, nisan bai cika kilomita 500 ba, kusan rabin tafiyar Kano zuwa Legas ke nan. Jirgin sama yana ƙare shi cikin sa'a guda. Mota kuwa, in ta tashi da hantsi, sai a yi sa'a kafin ta sauke fasinja kusa da sallar isha. Sau uku na bi wannan hanya zuwa taron masana a Jami'ar Gana da ke Legon, domin kuɗin tikitin jirgi ya fi ƙarfin albashin malamin jami'a, kuma kowane zuwa na ƙara tabbatar da cewa ba kwalta ce take cinye yinin matafiyi ba.

Hanyar ta bi gefen teku ne tun daga farko har ƙarshe. Daga Legas sai Badagiri, sai iyakar Seme, a shiga Jamhuriyar Benin a ratsa Kwatano. Daga nan a tsallaka Togo, wadda gaɓar tekunta ba ta kai kilomita 60 ba, a wuce Lome, wadda unguwanninta suka manne da garin Aflawo na Gana. Ƙasashe huɗu ke nan, iyakoki uku, kuɗi iri uku: naira, sefa da sidi. Har agogo ma sai an mayar da shi baya da sa'a ɗaya da zarar an shiga Togo.

A takarda, babu abin da ya kamata ya tsayar da ɗan Nijeriya a nan. Tun 1979 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar walwalar jama'a, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga 'yar uwarta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Fasfo da katin rigakafin cutar shawara sun wadatar. To, amma abin da idona ya gani daban ne. Kafin mu isa iyaka ta farko, yaron mota ya bi layi yana karɓar fasfo, kowanne da 'yan kuɗi a tsakiyarsa, kuma farashin ba ɗaya ba ne. Wanda fasfonsa sabo ne, bai taɓa shan hatimi ba, shi ya fi biya. Ba rasit, ba bayani. Tsakanin iyaka da iyaka kuma ga shingaye na itace da tayoyi da ganguna, kowanne da masu kakinsa.

Ni dai ba a cika wahalar da ni ba. Da zarar an ga wasiƙar gayyata da kalmar "Dakta" a kanta, sai a miƙo mini takarduna da ladabi. Wadda ta ji jiki ita ce wata dattijuwa da ke zaune a gabana, 'yar kasuwa mai ƙullin atamfa biyu, wadda aka sauke kayanta har sau huɗu. Da na ce mata, "Hajiya, ai doka ba ta ce ki biya ba," sai ta dube ni ta ce, "Malam, in na tsaya yi musu dokar, motar za ta jira ni?" Wannan ita ce gaskiyar lamarin. Mai karɓa ya san lokacin matafiyi yana hannunsa, shi yake sayar masa. Kuɗin kuma ba ɓacewa yake yi ba, yana komawa kan farashin atamfar, mai saye a kasuwa ya biya.

Gwamnatoci ma ba su bar hanyar ta huta ba. A 2018 aka buɗe ginin iyaka na haɗin gwiwa a Seme, don a riƙa duba takardu a wuri guda. Shekara ba ta zagayo ba, a watan Agusta na 2019, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a sake buɗewa ba sai Disambar 2020. Tarihin hanyar ma cike yake da irin haka: ta nan dubban 'yan Nijeriya suka dawo lokacin da Gana ta kori baƙi a 1969, ta nan kuma 'yan Gana suka koma gida a 1983, da jakunkunan da har yau sunansu bai canja ba.

Abin da ya fi sanyaya mini rai shi ne harshe. Ingilishi yana ƙarewa a Seme, Faransanci ya karɓa, Ingilishi ya dawo a Aflawo, amma Hausa ba ta yanke ko'ina ba. Da ita na yi canji, da ita na sayi tsire, da ita na tambayi wurin alwala. Jikokin fataken goro da mazauna zango sun riga yarjejeniyar 1979 haɗa waɗannan garuruwa.

Yanzu ana maganar babbar hanya mai kilomita 1,028 daga Abijan zuwa Legas. Muna maraba da ita, sai dai faɗin kwalta ba ya rage yawan shinge. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tekun da ke hannun hagu tun daga Badagiri. A zamanin Turawa jiragen ruwan Elder Dempster suna ɗaukar fasinja tsakanin Legas da Takoradi har zuwa Ingila. Yau in mota ta bi bakin teku a Lome, za ka hangi manyan jirage jere a kan ruwa suna jiran shiga tasha, dukansu na kaya ne.